Kwana 17 ko wata 6: wa'adin da ke tsakanin gidan silima da allon gida

A ranar 10 ga watan Afrilu na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka garƙame gidajen silima a Amurka da Turai, kamfanin Universal ya aikata abin da manyan kamfanonin shirya finafinai na Holiwud suka daɗe suna marmari amma suna shakkar taɓawa. Ya ɗauki wani fim na yara mai suna «Trolls World Tour», wanda aka shirya domin babban allo, ya kai shi cikin gidajen mutane ta hanyar intanet, a kan hayar kusan dala 20 na kwana biyu. Dalar Amurka ake nufi a duk tsawon wannan rubutu, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. Kuɗin ya kai wajen jikka 12 na sefa. Cikin mako uku fim ɗin ya tara kusan dala miliyon 100. Shugaban NBCUniversal na lokacin, Jeff Shell, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa ko bayan an sake buɗe gidajen silima, kamfaninsa zai ci gaba da fitar da finafinai ta hanyoyin biyu. Nan take Adam Aron, shugaban AMC, kamfanin da ya fi kowane yawan gidajen silima a duniya, ya ce daga ranar ba za a ƙara nuna fim ɗin Universal a ɗakunansa ba. Fushin bai wuce wata uku ba. A watan Yuli suka sasanta a kan cewa fim zai yi kwana 17 a gidan silima kafin a ba da shi haya a gida.

Wannan adadi na kwana 17 shi ne bakin zaren. Kafin annobar, al'adar Amurka ita ce fim ya yi kimanin kwana 90 ba a ganinsa ko'ina sai a gidan silima, kuma a zamanin kaset wa'adin yakan kai wata 6. Amurkawa na kiran wannan wa'adi da kalmar da ke nufin taga. Babu wata doka da ta kafa shi a can. Yarjejeniya ce kurum tsakanin mai fim da mai ɗaki, wadda kowannensu ke riƙe da ita gwargwadon tsoron da yake yi wa ɗayan. Duk gardamar da aka yi ta yi a kan makomar silima cikin shekaru 20 na baya-bayan nan, in aka tankaɗe ta aka rairaye, gardama ce a kan yawan kwanakin nan.

Jiran ya girmi intanet, ya girmi telebijin. A shekarun 1930 da 1940 sabon fim yakan fara fitowa a manyan ɗakunan tsakiyar birni, inda tikiti ke da tsada, sai a janye shi na wasu makonni, sa'an nan ya sauka zuwa ɗakunan unguwanni, daga nan ya gangara ƙananan garuruwa. Manyan kamfanonin su ne masu manyan ɗakunan, har zuwa 1948 da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba su da su. Dattawan da suka yi kallo a ɗakunan silima marasa rufi na Yamai, Damagaram ko Maraɗi sun san ƙarshen wannan tsani, domin a kansa suka zauna. Kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe rabon finafinai a ƙasashen Afirka renon Faransa har cikin shekarun 1970, kuma abin da ke isowa sau da yawa tsohon zare ne da ya gama yawonsa a Turai, ya kakkarce, yana tsinkewa ana ɗinkewa, ƴan kallo na ihu suna zagin mai inji.

Hikimar tsarin ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa zama a rumfar mai sayar da atamfa. Sabon zane yakan fito da tsada gab da salla, matan da ba su iya haƙuri su saya a haka, domin abin da suke biya har da daɗin riga kowa ɗaurawa. In yayin ya ɗan lafa farashi ya sauko, wasu su samu. Daga baya kwaikwayonsa ya cika kasuwa. Mai zane da zai fitar da shi rana ɗaya a kan farashi ɗaya ya yi asarar masu zumuɗi. Haka fim yake: a gidan silima kowane kai da tikitinsa, a haya gida guda ne ke biyan kuɗi ɗaya ko da mutum goma ne a gaban allon, a dandalin kallo na kuɗin wata kuwa fim ɗin ɗigo ne cikin dubbai. Kaya ɗaya ake sayarwa sau huɗu ko biyar, kuma abin da ya raba farashi da farashi shi ne haƙurin mai saye.

Kamfanonin ba su gane amfanin kallon gida da wuri ba. A 1976 Universal da Disney suka maka Sony a kotu saboda na'urar Betamax mai naɗar shirye-shiryen telebijin, suna ganin ajalinsu ne ya zo. Suka sha kaye a kotun ƙoli a 1984, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, kuma kayen ya zame musu gobarar Titi: kafin shekarun 1980 su ƙare, abin da kaset ke kawowa ya zarce na tikiti. Faifan DVD, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1997, ya ninka wannan arziki har zuwa tsakiyar shekarun 2000. A wancan zamani fim ɗin da bai yi kasuwa a gidan silima ba yana da damar farfaɗowa bayan wasu watanni a kan kantar mai sayar da faifai. Ɗan wasa Matt Damon ya bayyana a 2021 cewa rushewar wannan kasuwa ce ta sa aka daina zuba kuɗi a irin finafinan da suka yi masa suna, wato labaran manyan mutane, marasa jarumai masu tashi sama.

Da kuɗin faifai ya fara ja da baya, sai ido ya koma kan wa'adin. A watan Janairu na 2006 Steven Soderbergh ya fitar da ƙaramin fim ɗinsa «Bubble» a gidan silima da tashar telebijin rana ɗaya, faifan ya biyo baya da kwana 4; manyan masu ɗakuna suka ƙi shi. A 2010 kamfanin Odeon na Ingila ya yi barazanar ƙaurace wa «Alice in Wonderland» saboda Disney na son rage wa'adi daga mako 17 zuwa 12. A 2011 Universal ya yi niyyar ba da hayar «Tower Heist» a biranen Atlanta da Portland a kan dala 60, mako uku bayan fitowarsa, masu ɗakuna suka taso masa ya janye. Kwaɗayin yana da dalili. A tikiti, kamfani na samun kusan rabin kuɗin, sauran na mai ɗaki ne. A hayar intanet yana riƙe wajen kashi 80 cikin 100. «Trolls» na farko ya yi wata biyar kafin ya tara dala miliyon 154 a Amurka, aka raba biyu. Na biyu ya kawo wa Universal kwatankwacin wannan rabo cikin mako uku. Ga kuma kuɗin talla, wanda a babban fim kan kusanci kuɗin shirya shi: in fim ya isa gida tun mutane ba su manta da tallar ba, ba sai an sake biyan wata ba.

Netflix kuwa sana'arsa daban take, kuma rashin lura da haka ya ruɗi mutane da yawa. Ba tikiti yake sayarwa ba, ba ma fim ɗaya-ɗaya ba. Abin da yake nema shi ne kada mai biyan kuɗin wata ya soke rajistarsa. Duk kwanan da fim ɗinsa ya yi a ɗakin wani, kwana ne da bai yi masa wannan aiki ba. A 2015 ya sayi «Beasts of No Nation», wanda aka ɗauka a Gana da Idris Elba da wani yaro ɗan ƙasar, Abraham Attah, ya fitar da shi a ɗaki da intanet rana ɗaya. Manyan kamfanonin ɗakuna huɗu na Amurka suka rufe masa ƙofa. A 2017 finafinansa biyu suka shiga gasar bikin Cannes, masu ɗakunan Faransa suka yi ca, daga 2018 aka shar'anta cewa sai fim ɗin da za a nuna a ɗakunan ƙasar ke shiga gasa. «Roma» na Alfonso Cuarón ya karkata zuwa bikin Venis a wannan shekara ya ɗauki babbar kyauta. A nan akwai abin takaici da ya dace a faɗa. «Roma» fim ne mai fari da baƙi, mai faɗin hoto, wanda rabin labarinsa yana gefen allo da cikin sauti: kukan kare, busar mai wasa wuƙa a titi, jirgin sama da ke ratsawa a cikin ruwan wankin tsakar gida. A allon salula duk wannan ya tafi. Amma babu wani babban kamfanin Holiwud da ya yi rububin raba fim na harshen Sifaniyanci da Mistek a kan wata ƴar aikin gida, kuma Netflix ne ya kai shi ƙasashe fiye da 190.

Annobar ta ba kowa damar gwada abin da yake so. Disney ya sa «Mulan» a dandalinsa na Disney+ a watan Satumba na 2020, a kan ƙarin dala 30 bayan kuɗin wata. A Disamba Warner Bros. ya wuce gona da iri: ya sanar da cewa duk finafinansa 17 na 2021, har da «Dune», za su fito a ɗaki da dandalin HBO Max rana ɗaya, kuma bai shawarci yawancin waɗanda suka shirya su ba. Christopher Nolan, wanda ya yi kusan shekara 20 yana aiki da kamfanin, ya tattara nasa ya koma Universal. A Yuli na 2021 «Black Widow» ya buɗe da dala miliyon 80 a ɗakunan Amurka, Disney ya yi alfahari da wasu miliyon 60 daga gidaje, sai a mako na biyu cinikin tikiti ya faɗi da kusan kashi 68 cikin 100. Scarlett Johansson, wadda wani ɓangare na ladanta ya rataya a kan cinikin tikiti, ta kai Disney ƙara. Suka sasanta a ƙarshen Satumba ba a bayyana adadin ba.

Sakamakon gwajin ya fito da sauri. Fim ɗin da aka ɗora a intanet ranar fitowarsa, kwafinsa tsaf-tsaf yakan bayyana a hannun ɓarayin fasaha cikin sa'o'i, a madadin hoton nan mai rawa da ake sata da kamara daga kujerar baya. Iyaye kuma suka koyi darasi. Bayan Disney ya kai finafinan Pixar uku a jere, «Soul», «Luca» da «Turning Red», kai tsaye zuwa Disney+, sai da aka sha wuya kafin a shawo kansu su sake kwasar yara zuwa ɗaki. A watan Afrilu na 2022 Netflix ya ba da sanarwar raguwar masu rajista 200,000, hannun jarinsa ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku a yini guda, masu zuba jari suka daina tambayar yawan masu rajista suka koma tambayar riba. A Agusta na wannan shekara sabbin shugabannin Warner suka binne «Batgirl», fim ɗin da ya ci kusan dala miliyon 90 kuma an gama ɗaukarsa domin HBO Max, don ragin haraji ya fi musu amfani da nuna shi. «Moana 2» ya bi akasin wannan hanya: shiri ne mai dogon zango da aka fara domin Disney+, aka mai da shi fim na ɗaki a 2024, ya tara fiye da dala miliyar 1.

Abin da kamfanonin suka gano da tsada shi ne gidan silima wurin raɗa wa fim suna ne. «Top Gun: Maverick», wanda Tom Cruise ya ƙi yarda a sayar wa wani dandali duk tsawon annobar, ya fito a Mayu na 2022, ya tara kusan dala miliyar 1 da rabi, bai shiga Paramount+ ba sai a Disamba. «Oppenheimer», fim na sa'a uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bom ɗin nukiliya, wanda yawancinsa maza ne a ɗaki suna magana, ya yi wata huɗu a ɗakuna a 2023 ya tara sama da miliyon 900. Sunan da fim ya yi a ɗaki shi yake bin sa har gida: «Wicked», bayan kwana 40 a ɗakuna, ya kawo dala miliyon 70 a makonsa na farko na saye da haya ta intanet. Ko Netflix, da ya ga «KPop Demon Hunters» ya zama abin yayi a 2025, sai da ya kai shi ɗakuna na kwana biyu a watan Agusta domin yara su rera waƙoƙinsa tare, ya kuma zo na ɗaya a cinikin wannan mako.

Da labarin a nan ya tsaya, da sai a ce an samu daidaito. Sai dai daidaiton da aka ƙulla bayan 2020 na manya ne. Yarjejeniyar da Universal ya yi da Cinemark a Nuwamba na 2020 ta fito da abin fili: fim ɗin da ya tara dala miliyon 50 a kwana ukun farko yana da wa'adin kwana 31, wanda ya gaza haka yana da 17. Ke nan hukuncin Juma'a, Asabar da Lahadi ɗaya ke yanke tsawon ransa. Fim ɗin da ke da sanannen suna, ko ci gaban wani ne, ko an ɗauko shi daga littafin zane, ba ya bukatar lokaci, domin masu kallonsa sun san da shi tun kafin a ɗauke shi. Wanda ke bukatar lokaci shi ne baƙon labari, wanda sai wani ya gani ya gaya wa wani a wurin aiki, shi kuma ya samu sarari bayan mako biyu. Shi ne kuma aka fi gaggauta fitarwa. «The Fall Guy» ya fito ranar 3 ga Mayu na 2024, ranar 21 ga wata yana kan haya. «Black Bag» na Soderbergh, fim na leƙen asiri mai kaifin zance wanda masu sharhi suka yaba ƙwarai, ya bi wannan hanya a 2025, kuma abin da ya tara a ɗakuna bai kai kuɗin shirya shi ba. Mutumin da ya fara rushe wa'adin a 2006 shi ne ya koma yana kukan cewa manya sun daina fita kallon irin wannan fim. Ba su da laifi, tun da an koya musu cewa haƙurin mako uku ya isa. «Elemental» na Pixar ya nuna abin da lokaci ke iya yi: ya buɗe da ƙasa da miliyon 30 a 2023, jaridu suka yi masa jana'iza, aka bar shi a ɗakuna duk tsawon hutun makarantu, ya ƙare da kusan miliyon 500 a duniya.

Illar ba ta tsaya a lissafi ba, ta shiga cikin finafinan kansu. Ɗakin silima ya koma rumfar abin da ke da ƙara da girma, kuma cinikin tikiti na Amurka, wanda ya haura dala miliyar 11 a 2019, bai wuce wajen miliyar 9 ba a 2023 da 2024. Wasan barkwanci, labarin soyayya, shari'ar kotu da rikicin iyali sun ƙaura zuwa dandali, inda ake shirya su da sanin cewa mai kallo na riƙe da salula a hannu, yaro na kuka, tukunya na kan wuta. Shi ya sa ƴan wasa ke yawan faɗin abin da suke aikatawa da baki, ana cusa tashin hankali a mintunan farko don kada a danna wani fim, ana gudun shiru. A ɗaki mai duhu, inda mutum ya biya kuɗi ya zauna tsakanin baƙi, mai shirya fim na da ikon ya sa a jira. Wannan iko shi ne rabin fasahar silima. Ba abin mamaki ba ne da a Afrilu na 2025 ƙungiyar masu ɗakunan Amurka ta nemi a mai da kwana 45 mafi ƙarancin wa'adi ga kowane fim, babba da ƙarami.

Faransa ta ɗauki hanyar da malaman da suka yi karatu a cikin harshenta za su gane nan take: ta mai da abin doka. A can wa'adin a rubuce yake, kuma ana sayen kusanci da zuba jari a finafinan ƙasar. Bisa yarjejeniyar 2022, faifai da haya na zuwa bayan wata 4, Canal+ bayan wata 6, Netflix bayan 15 a madadin 36 na da, tashoshin kyauta bayan 22. Disney ya nuna fushinsa a wannan shekara ta hanyar hana ɗakunan Faransa «Strange World», amma a farkon 2025 ya amince ya ƙara jarinsa a finafinan Faransa domin a sauko masa daga wata 17 zuwa 9. Tsarin yana da nauyi, kuma yana sa ɗan Faransa jiran abin da maƙwabcinsa na Beljiyam ya riga ya gani. Duk da haka ya kare abin da tsarin Amurka ya sallama, domin ƙaramin fim da babba wa'adinsu kusan ɗaya ne.

Akwai hujja guda da masu kare ɗaki ba su cika amsawa ba. A Afrilu na 2025 Ted Sarandos na Netflix ya ce zuwa gidan silima tsohon yayi ne ga yawancin mutane, domin mazaunin tsakiyar birnin New York na iya takawa da ƙafa zuwa ɗaki, mafi yawan jama'a kuwa ba su da wannan gata. Ya faɗa ne don sana'arsa, amma a Tawa ko Birnin Ƙonni maganar ta fi gaskiya fiye da a Amurka. Ƙasar da Oumarou Ganda ya ciyo wa babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972 da «Le Wazzou polygame», ƙasar Moustapha Alassane, ta ga ɗakunanta na rufewa ɗaya bayan ɗaya tun daga shekarun 1990, kamar yadda ya faru a maƙwabtanta. Ɗakin CanalOlympia mai kujeru 300 da aka buɗe a Yamai a 2017 bai isa ya canza wannan ga mai nisan kilomita 900 a Damagaram ba. Ga irin wannan mai kallo, wa'adi jira ne kawai wanda babu ƙofa a bayansa, kuma mai tura finafinai a katin salula a bakin tasha shi ke cike giɓin, ba tare da ko tamma ta koma wa mai fim ba.

Finafinan Hausa na Kano sun nuna ɗaya fuskar. Tun daga «Turmin Danya» na 1990, a kaset aka haife su, domin gida aka yi su. Wannan ya ba su abin da ɗakin silima bai taɓa samu ba a ƙasar Hausa, wato matan aure da ƴan mata, waɗanda al'ada ba ta yarda su shiga ɗakin da ake yi wa kallon matattarar ƴan iska ba. Daga Kano zuwa Maraɗi, Agadas, Kumasi da Garwa, mata ne suka riƙe wannan kasuwa. Amma sana'ar tsani ce mai mataki ɗaya. Fim yakan fito a kasuwa, ya sayu na ƴan kwanaki, masu kwafi su cinye saura. Da salula ta kashe faifai a tsakiyar shekarun 2010, ba a samu wani mataki da za a taka ba. Wasu sun gwada kai finafinansu ɗakin zamani na rukunin shagunan Ado Bayero a Kano, aka kafa dandalin Northflix a 2019, amma mafi yawa suka koma shiri mai dogon zango a tashar Arewa24 da YouTube, irin su «Izzar So» da «Labarina» daga 2020. A YouTube talla ke biya, talla kuwa minti take ƙirgawa, shi ya sa gaisuwa ke tsawo, labarin da zai ƙare cikin sa'a biyu ya miƙe shekaru. Akwai gwanaye a cikin masu wannan aiki, kuma wasu sassan «Labarina» sun fi finafinan faifai da yawa tsari. Fim ɗin da ke da farko da ƙarshe a zama ɗaya dai ya yi ƙaranci.

Daga Indiya, wadda finafinanta suka rayu a zukatan Hausawa tun shekarun 1960, aka samu gwajin da ya fi kusa da wannan hali. Manyan ɗakunan can na shar'anta mako 8 ga finafinan harshen Hindi. A 2025 Aamir Khan ya ƙi sayar da «Sitaare Zameen Par» ga dandalan kuɗin wata. Ya fitar da shi a ɗakuna ranar 20 ga Yuni, sa'an nan daga 1 ga Agusta ya ɗora shi a YouTube a kan rupi 100 kowane kallo, bisa dalilin cewa ƙalilan ne cikin mutanen ƙasarsa ke da ɗakin silima kusa da su. Ya bar wa ɗaki haƙƙinsa na raɗa suna, ya kuma sauko da farashi zuwa aljihun mai salula, ba tare da ya zuba fim ɗin cikin tarin dubbai ba.

Mataki ɗaya ne duk waɗannan yarjejeniyoyi suka tsallake, kuma shi ne ya fi shafar makarantu da ƙungiyoyin raya al'adu: nuna fim ga taron jama'a a wurin da babu ɗaki, a filin makaranta, a gidan samari da al'adu, ko a dandalin ƙauye kamar yadda masu silimar tafi-da-gidanka ta Cinéma Numérique Ambulant suka yi ta yi a Nijar tun shekarun 2000. Hayar intanet da kuɗin wata duk lasisin kallon cikin gida ne, ba su halatta tara jama'a ba. Malamin da ke son ɗalibansa su ga «Oppenheimer» tare kafin darasin yaƙin duniya na biyu sai ya nemi izini na dabam daga masu riƙe da haƙƙin fim ɗin a ƙasashen waje. Netflix ya buɗe ƙofar nunin ilimi kyauta, amma ga wasu finafinansa na gaskiya kaɗai, da sharaɗin kada a karɓi kuɗin shiga.